Hannun Riga Mai Furfura

Babana bai iya riƙe waya ba. In na kira shi ta bidiyo daga nan Silver Spring ta Amurka zuwa Jos, goshinsa nake gani da rabin tabarau, wani lokaci kuma silin ɗin falo. In na ce, "Baba, ja wayar baya kaɗan," sai ya ƙara matso da ita, don a ganinsa ba na jin muryarsa ne. Shekaru na yi ina gaisawa da wannan goshi. Kullum lafiya lau yake, ban taɓa ganin ya rame ba.

A irin wannan kira ne, tsakiyar damina, na ji yana tari. Mama tana gefe tana ta faɗa, wai rigar sanyinsa ta huje a gwiwar hannu, ya kuma hana a sayo masa ta gwanjo, ya ce shi ba zai sa rigar wanda bai san ko yana raye ba. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Baba, ni zan saƙa maka."

Ya ce, "Ke?" Sai ya yi dariya har tarin ya dawo.

Ya san abin da yake yi wa dariya. A wurin Mama na koyi saƙa, ita kuma a zumuntar mata na coci ta koya. Hula ta farko da na saƙa masa ina yarinya ba ta shiga kansa ba, ƙarshenta da ita aka riƙa rufe butar shayi. Amma a nan Amurka na zama gwana, kuma ba na jin kunyar faɗa. Aikin nas nake yi, in na taso daga asibiti ba abin da ke sauke mini gajiya kamar tsinken saƙa. Ina saƙa a cikin jirgin ƙasa, ina saƙa a bas, ina saƙa a ɗakin wanki na gidanmu ina jiran inji. Ina da ƙungiya ta mata masu saƙa da muke haɗuwa ranar Asabar, yawancinsu tsofaffin Turawa, waɗanda za su iya kai wa la'asar suna musu a kan yadda ake rage idon saƙa a wuyan riga.

Su ne suka fara kai ni bikin tumaki da zare da ake yi kowace shekara in sanyi ya wuce, can bayan gari a Maryland. A can na ga abin da ban taɓa zato ba. Wata dattijuwa mai gona tana sayar da zaren ulu da ba a rina ba, kowane dunƙule da hoton dabbar da aka aske a jikinsa. Ba za ka ce a ba ka baƙi ko fari ba, sai dai ka ce a ba ka na wane. Ni na wani rago na ɗauka, mai suna irin na sarakunan Turawa, gashinsa baƙi-baƙi mai ja-ja kamar daddawa. Na ajiye zaren a kabad ban san abin da zan yi da shi ba, sai da Baba ya yi tarin nan.

Matsalar farko ita ce awo. Na tambayi Mama faɗin kafaɗarsa, ta ce, "Ba ki san babanki ba ne?" Na san shi mana. Mutum ne dogo kakkaura, wanda ke ɗaukar buhun dankali shi kaɗai daga mota zuwa sito, yana tafe yana waƙar coci. Na duba gidan hayarmu na nan kaf, mutum ɗaya ne mai irin wannan jiki: maƙwabcina na ƙofa da ƙofa, wani Alhaji mutumin Maraɗi da ke tuƙin tasi. Lokotoro yake ce mini, wato likita a bakinsu, ko da yake na sha gaya masa ni nas ce. Matarsa Hajiya ƙawata ce, muna musayar kwano, ni in kai mata gwate, ita ta kawo mini dambun zogale.

Hajiya ce ta riƙe tef ɗin awo. Alhaji ya tsaya a tsakiyar falonsu ya buɗe hannuwa, ya ɗaga kai sama yana istigfari, ita kuma tana zagaya shi tana karanto mini lamba, dariya na neman kayar da ita.

"Lokotoro," in ji shi, "kin tabbata tsohon ga ya kai ni ciki?"

"Ya fi ka, Alhaji."

"To, Allah shi ƙara mishi lahiya. Namiji ne."

Duk sanyin shekarar na yi shi a kan rigar nan. Na gama baya, na gama gaba da igiyoyi guda biyu masu murɗewa, na gama hannun dama. Duk abin da na gama sai Alhaji ya gwada, har ya fara ce mata "rigarmu." Wata 'yar cocinmu da ke zaune a Woodbridge za ta je gida farkon damina, ta yi mini alkawarin wuri a akwatinta. Saura hannun hagu kawai, kuma na kai shi gwiwa.

A nan kyanwa ta shigo labarin, kuma dole in yi bayani. Ni ban zo Amurka don in yi kiwon kyanwa ba. A gidanmu na Jos kyanwa in ta shigo tsakar gida, Mama da tsintsiya da addu'a take raka ta. Wata abokiyar aikina ce za ta koma wata jiha, ta ce in riƙe mata ita na 'yan kwanaki. Har yau ba ta kira ba. Kyanwar fara ce tas, mai ƙiba, mai kallon mutum kamar ya zo neman aiki a wurinta. Ba ta taɓa kama ɓera ba. Tana da likitanta, tana da abincinta na gwangwani, in na canja mata iri sai ta yi fushi ta juya mini baya. Matan cocinmu ba su san da ita ba, in za su zo ziyara sai in kai ta wurin Hajiya. Mama kuwa duk lokacin da ta ji kuka ta waya, cewa nake yi ta maƙwabta ce. Kuma gaskiyar magana ina sonta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Wannan satin na canja mata abinci, domin irin nata ya ƙare a shago. Na dawo daga aiki da rana, na buɗe ƙofa, wani wari ya tare ni. Ta bar kwandon yashinta fes, ta bar kafet, ta bar takalmana, ta shiga jakar saƙa ta yi fitsari a kan hannun hagu da sauran zaren da ya rage. Allah ya taimake ni jikin rigar yana wurin Alhaji. Kyanwar tana zaune a kan firij tana lashe ƙafa, ko a jikinta.

Da na tsaya na yi tunani, da na jiƙa shi a ruwan sanyi a hankali, yadda kowace mai saƙa ta sani. Amma ni nas ce kafin in zama mai saƙa, abin da fitsari ya taɓa ruwan zafi ne maganinsa. Na kwashe komai na zuba a inji, na murɗa zuwa mafi zafi, na ƙara sabulu. Abin da ya fito ba zai shiga hannun jariri ba. Ulun ya cure ya dunƙule ya yi tauri, zaren kuma ya zama ƙwallo guda. Na ba kyanwar, ta shinshina ta tafi abinta.

Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai. Na kai jikin rigar shagon zare, muka jera baƙaƙe da jajaye iri-iri kusa da ita, babu wanda ya yi kama. Matan ƙungiya suka taru a kanta kamar an yi rasuwa. Ɗaya ta ce in mai da ita marar hannu. Na ce babana ba zai sa singileti na ulu ya tafi coci ba. Wata ta ce, to, biki ya kusa, ki koma wurin ragon.

Ba na tuƙi a babban titi, jirgi kuma ba ya zuwa wurin, matan ƙungiya sun riga sun cika motocinsu. Alhaji da ya ji, ya ce ai rigarmu ce, shi zai kai ni. Hajiya ta cika kula da shinkafa, muka kama hanya da safe. Muna wuce Germantown ya tambaye ni, "Wai wane irin buki ne wanga?"

Na ce na tumaki ne.

Ya kalli Hajiya ta madubi. Ita ma ta kalle shi. Ya kamata in gane a lokacin, domin Babbar Sallah ta kusa, kuma tun watan jiya yake ƙorafin cewa ragunan da ake kai su saye a Virginia duk ƙashi ne da ƙaho. Amma hankalina yana kan hannun hagu.

Muna shiga filin bikin ya tsaya cak. Rumfuna ne jere, mata da huluna masu kunnuwa, wasu suna kaɗin zare da injin ƙafa, wani yana busa sarewa, ga ƙanshin soye-soye. Shi duk bai ga wannan ba. Idonsa yana kan garken da ke cikin rumfar ƙarshe, inda kowace tunkiya ke sanye da riga ta tamfol don kada gashinta ya yi datti.

"La ilaha illallahu," in ji shi. "Lokotoro, mi nika gani? Ke kina tuɓe rago ki yi ma mutum riga, su kuma suna ɗinka ma rago riga?"

Na ce ya yi ta kallo, ni zan nemo dattijuwata. Na same ta a bakin rumfarta, da gashinta fari a kitse gida biyu, tana sallamar mutane. Layi ne mai tsawo, na bi. Ina hango ragona a ɗan keji a bayanta, an riga an aske shi, an maƙala masa shuɗin ƙyalle a ƙofa, alamar ya ci gasa. A kan tebur kuma ga dunƙulen zare da hotonsa, 'yan kaɗan suka rage. Ina ta addu'a kada matar da ke gabana ta taɓa su.

Saura mutum biyu in kai, sai na ji "mee" mai ƙarfi. Na leƙa. Alhaji ne a cikin kejin. Ya naɗe hannun riga, ya danna bayan ragon da tafin hannu, ya kama gindin wutsiya ya murza, ya ɗaga ƙirjinsa ya ji nauyi, sannan ya buɗe masa baki yana duba haƙora. Fuskarsa cike da farin ciki. Hajiya tana waje tana gyaɗa kai tana cewa, "Taɓa cinyar, Alhaji."

Dattijuwar ta juya. Da farko har ta yi murmushi, ta zaci wani masanin tumaki ne ya zo daga nesa. Ta tambaye shi da Turanci ko shi ma yana kiwo ne. Turancin Alhaji na tasi ne, ya san hagu da dama da filin jirgi, sauran kuma Faransanci yake cikewa da shi. Ya ce mata madam, ragon nan ya yi kyau ƙwarai, nawa ne?

Ta ce gashin ne ko zaren?

Ya ce a'a, duka.

Ta ce, don ya yi barbara da tumakinsa?

Bai gane kalmar ba. Ya kalle ni, ina ta girgiza masa kai daga cikin layi. Sai ya ɗauka ina nufin matar ba ta fahimce shi ba. Don ya sauƙaƙa mata, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ja shi a hankali a kan maƙogwaronsa daga kunne zuwa kunne, ya nuna ragon, ya kuma sumbaci yatsunsa.

Wata mata ta toshe wa 'yarta ido. Dattijuwar ta yi ja har kunnuwa, ta shiga kejin ta tsaya tsakanin Alhaji da ragon, ta rungume wuyansa. Ta ce ita ta ba shi madara da kwalba tun yana ɗan kwana ɗaya, a kicin ɗinta ya yi sanyin farko, Alhaji ya fita, ya fita yanzu. Alhaji ya fito yana karkaɗe hannu, ya dube ni da babbar murya ya ce, "Lokotoro, gaya mata ba ni da niyyar tayawa da wulaƙanci. Ta sa kuɗinta."

Shi ke nan, kowa ya san tare muke. Da na kai gaban tebur na nuna zaren, ta tattara dunƙulen duka ta tura ƙarƙashin tebur. Ta ce ba na sayarwa ba ne.

Raina ya ɓaci da kowa: da Alhaji, da ita, da ragon da ke tauna kamar ba a kansa ake yi ba. Na so in gaya mata cewa a ƙofar bikin nan ana gasa naman rago ana sayarwa cikin burodi, kuma layin can ya fi nata tsawo. Na haɗiye. Na buɗe jaka na fito da rigar na shimfiɗa a teburinta, da hannunta ɗaya. Na ajiye dunƙulen da inji ya cure a gefe. Na ce mata ta babana ce, ya tsufa, yana tari, akwai mai tafiya gida, kuma ba ni da wani rago a duniya sai nata.

Ta shafa igiyoyin gaban rigar, ta juya ta duba ɗinkin ciki. Sannan ta ɗauki dunƙulen ta kai hanci. Ta ɗago ido.

"Kyanwa?"

Na ce kyanwa.

"Kin canja mata abinci."

Na ce na canja.

Ta ce in gani. Na fito da waya na nuna mata munafukar a kan firij. Ta yi wani ɗan ƙara, ta dafe ƙirji, ta zaro tata wayar. Kyanwoyi huɗu gare ta, ɗaya ta taɓa yi mata irin wannan a kan mayafin da ta saƙa wa 'yarta na biki. Muka tsaya kai da kai muna nuna wa juna hotuna, layi na ta tsawo a bayana. Dabbar da na shekara ina ɓoye wa matan coci, ita ce ta zama mini takardar shaida.

Ta sunkuya ta fito da zaren. Amma da ta ɗora shi a kan rigar, sai na ga matsala. Ba launi ɗaya ba ne. Na bana ya yi fari-fari, ya koma toka-toka. Na ce ko ta yi kuskuren hoto. Ta ce a'a, shi ne, baƙin rago haka yake, in ya fara tsufa gashinsa furfura yake yi. Na bara ya ƙare, kuma ba zai sake fitar da irinsa ba.

Na saya haka. Kafin mu tafi ta sa Alhaji ya yi alkawari ba zai koma kusa da kejin ba. Ya yi, amma a mota yana ta tsaki har muka kai gida.

"Ragon ga ya yi hurhura ba a yanka shi ba," in ji shi. "Wannan ai zalunci ne. Jira sukai shi mutu a banza?"

Na saƙa hannun hagu a gurguje, jakar tana rataye a ƙusa can sama, kyanwar tana zaune a ƙasa tana kallonta. Alhaji ya gwada rigar a karo na ƙarshe, ta zauna masa cif. Hajiya ta ce kamar rabin jikinsa ya riga rabi tsufa. Na naɗe na kai Woodbridge.

Ranar Lahadi bayan coci suka kira. Mama ce ta fara, ta ce saƙo ya iso, amma wane irin farin gashi ne wannan duk a jikin rigar, ta yi ta tsincewa. Na ce na ragon ne. Ta ce, "Baƙin ragon?" Na ce ai ya yi furfura. Ta ce hmm. Sai ta ce bari in ga yadda ta yi wa Baba, ta karɓe wayar daga hannunsa, ta jingina ta da kwalbar man shafawa a kan tebur, ta ce ya koma can jikin ƙofa ya tsaya.

Ranar na ga babana gaba ɗaya.

Kafaɗar rigar ta sauko masa kusan gwiwar hannu. Gindinta ya kai masa cinya. Hannuwan sun haɗiye yatsunsa, Mama ta naɗe su ninki-ninki. Wuyansa ya fito daga cikinta siriri, yana dafe da ƙofa da hannu ɗaya. Yana ta murmushi, yana juyawa a hankali don in ga baya.

Na ji kunya, na ji tsoro. Mutumin da na saƙa wa rigar nan, mai buhun dankali, tun a filin jirgi na baro shi, kuma ba wanda ya gaya mini ya ragu haka. Ko sun gaya mini ma, goshin nake kallo.

"Wa kika auna?" in ji shi.

Na ce wani maƙwabcina.

"Ki gaishe shi. Yana cin abinci."

Ya ɗaga hannun hagu ya tambayi dalilin launin. Na ba shi labarin tsufan ragon, da Alhaji a cikin keji, na tsallake kyanwa. Ya yi dariya har sai da ya zauna. Ya ce wannan hannun ya fi so, sa'ansa ne.

Na ce, "Baba, a ba mai dawowa ta kawo mini. Zan warware in rage, Mama ta auna ka da tef ta faɗa mini."

Ya matso, ya ɗauki wayar, goshin ya dawo ya cika fuskarta.

"Ba inda za ta je. Rigata ce. Mamanki kuma ba ta gani sosai, za ta ba ki lambar banza. In kina son awo, ki zo ki auna."

A daidai lokacin kyanwar ta hau cinyata ta yi kuka a bakin wayar. Na ji Mama daga nesa tana cewa, "Na faɗa maka tata ce."

Washegari na shiga ofishin shugabarmu na nemi hutu. Hajiya ta ce za ta riƙe kyanwar, na rubuta mata sunan abincin na kuma roƙe ta kada ta canja. Tef ɗin awo na fara sakawa a akwati.